Wa Ake Kira Maye? Farautar Mayu Jiya da Yau



Laccar yau daga gindin rumbu za ta tashi. A ƙarshen shekarun 1920 wani matashin Bature ɗan Ingila mai suna Edward Evans-Pritchard ya je ya tare cikin ƙabilar Azande, a yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu, daf da iyakar Kwango. Azande a kan ƙafafun itace suke ɗora rumbunansu, kuma in rana ta take, mutane kan fake a inuwar da ke ƙarƙashi, ana hira ana 'yan aikace-aikacen hannu. Gara kuwa tana can cikin itacen tana nata aikin. Wata rana sai rumbu ya rufto a kan mutane, a karye ko a rasa rai, sai kowa ya ce maita ce.

Abin da ya ɗaure wa baƙon kai shi ne, babu Bazande ko ɗaya da bai san gara ce ta cinye ƙafafun rumbun ba. Sun kuma san zafin rana ne ya kora mutane inuwa. Sai da ya daɗe a cikinsu ya gane cewa tambayar da suke amsawa daban take da tasa. Shi yana son sanin yadda aka yi rumbu ya faɗi. Su kuwa suna son sanin abin da ya sa ya tashi faɗuwa a daidai lokacin da wane yake zaune, alhali jiya ya wuni babu kowa a ƙarƙashinsa. Suna da wani misali da suka ɗauko daga farauta: naman dawa na mutum biyu ne, wanda ya fara sukarsa da wanda ya soke shi na biyu. In giwa ta kashe mutum, giwar ce mashin farko, maita kuma mashi na biyu.

Littafin da ya rubuta a kan wannan ya fito a 1937, kuma shi ya canza alƙiblar masu nazarin al'adun ɗan'adam. Kafin nan Turawa marubuta kan ɗauki imani da maita a matsayin duhun kai kawai. Bayan littafin sai masana suka ajiye gardamar ko maye yana nan ko babu, suka koma kan abin da ido zai iya gani a ƙirga: wa ake zargi, wa ke zarginsa, me ke tsakaninsu kafin zargin, kuma me ake yi masa bayan an nuna shi. Abin da shekaru kusan casa'in na wannan bincike suka nuna shi ne, zaton maita tsohon abu ne da kusan kowace al'umma ta san shi, amma farautar mayu, wato a tashi a bi mutane ana kamawa ana kashewa, ba ta barkewa sai wani mai iko ya sa wa zargin albarka.

Kazar Azande

Azande sun yi imani cewa maita, wadda suke kira mangu, wani abu ne a cikin cikin mutum. Ɗa yana gadonta daga uba, 'ya daga uwa, kuma mai ita zai iya ƙare rayuwarsa bai san yana ɗauke da ita ba. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon zance ba, domin shi ma ya tashi yana jin labarin ƙanƙarar maita da ke cikin maye, da kurwar da yake kamawa, da yadda ake shan abin a nono.

In wani ya kwanta ciwo, 'yan'uwansa sai su nemi 'yan tsaki su shiga daji da wani jan gari mai dafi da ake kira benge. A ɗura wa kaza, a ambaci sunan wanda ake zato, a ce in shi ne kaza ta mutu. Sai a sake da wata kazar, a juya sharaɗin, don a tabbatar. In suna ya faɗa a kan mutum, sai a cire fiffiken kazar da ta mutu, a soke shi a tsinke, a ba ɗan aike ya kai masa. Shi kuma abin da al'ada ta tanadar masa shi ne ya guntsi ruwa ya fesa a kan fiffiken, ya bayyana cewa in ma akwai mangu a cikinsa bai sani ba, kuma yana fatan ya huce, mara lafiya ya tashi. Yawanci daga nan magana ta mutu, gobe a haɗu a gaisa.

Evans-Pritchard ya lura da abu biyu. Sunayen da ake kai wa kaza ba na baƙi ba ne, na maƙwabta ne da aka taɓa yin 'yar tsama da su. Sannan talaka ba ya kai sunan ɗan sarauta. Ko a zamanin da Turawa ba su zo ba, kashe wanda aka kama da maita ba abu ne na kowa ba: sai kazar sarki ta tabbatar, kuma sau da yawa diyya ake biya. Ga al'ummar da zancen maita yake bakinta safe da yamma, amma ta yi wa zargin linzami.

Yatsa a cikin gida yake nuni

Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki wannan zaren suka ja. Max Marwick, wanda ya yi aiki cikin 'yan Cewa na ƙasar da ake kira Zambiya a yau, ya tattara ƙararrakin maita ya ga yawancinsu tsakanin dangi na jini ɗaya suke, masu jayayya kan gado ko shugabancin gida. Shi ya kamanta zargin maita da ma'aunin da ke nuna inda igiyar zumunci ta yi tsauri har tana shirin tsinkewa.

Misali mafi kusa da gida shi ne na Siegfried Nadel, wanda ya zauna a ƙasar Nufe a tsakiyar shekarun 1930. A wata maƙala da ya buga a 1952 ya jera Nufawa da maƙwabtansu Gwarawa. A wurin Gwarawa, namiji da mace kowa na iya zama maye. A wurin Nufawa kuwa mugunyar maita ta mata ce, har ana ɗaukar shugabar matan kasuwa, mai sarautar Lelu, a matsayin wadda ta san sirrin mayu kuma take iya tsawata musu. Nadel ya nemi dalili a kasuwa. Matan Nufe 'yan kasuwa ne masu fatauci, da yawansu sun fi mazansu manoma kuɗi, har miji kan ci bashin matarsa, ita ke ɗaukar nauyin bikin 'ya'ya. Mazan da al'ada ta ce su ne masu gida, amma aljihu ya ce ba haka ba, su ne masu dodon ndako gboya da ke fitowa yana tsarkake gari daga mayu mata.

A maƙalar dai ya kawo wasu ƙabilu biyu na duwatsun Nuba a Sudan, Korongo da Mesakin, masu kama da juna ƙwarai. Korongo ba su da zancen maita sam. Mesakin kuwa ya cika musu rai, kuma wanda aka fi zargi shi ne kawu, a kan ɗan 'yar'uwarsa. A al'adarsu, da zarar yaro ya balaga ya shiga kokawa, kawunsa zai ba shi dabba daga cikin gadon da zai ci nan gaba. A wurin Mesakin matakan shekaru uku ne kacal, saboda haka bayar da wannan dabba tamkar mutum ya amsa da bakinsa ne cewa ya tsufa, ya bar fagen samari tun da sauran ƙarfinsa. Sai kawu ya yi ta ja, yaro ya yi ta matsawa, in yaron ya kwanta ciwo kowa ya san inda za a duba. Korongo suna da matakai shida, tsufa yana zuwar musu a hankali, kyautar ba ta yi wa kowa ciwo.

Masana tarihin Ingila sun ari wannan tabarau suka duba nasu kakannin. Alan Macfarlane a 1970 da Keith Thomas a 1971 sun bi takardun kotunan ƙarni na 16 da na 17, musamman na lardin Essex, inda sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka gurfanar mata ne. Labari ɗaya suka yi ta cin karo da shi. Tsohuwa matalauciya ta zo ƙofar maƙwabci roƙon madara ko aron wani abu, aka hana ta, ta juya tana gunaguni. Bayan kwana biyu saniya ta mutu ko yaro ya kamu da zazzaɓi. Mai gidan, wanda zuciyarsa ta san ya tauye haƙƙin maƙwabtaka, sai ya tuna gunagunin nan. Da zarar an ce mayya ce, rowar da ya yi ta zama hankali.

Ranar da kotu ta shigo

Ƙyashi tsakanin maƙwabta yana iya bayyana zargin mutum ɗaya ko biyu. Ba zai iya bayyana abin da ya faru a Turai tsakanin wajen 1450 da 1750 ba, lokacin da aka kashe tsakanin mutum 40,000 da 60,000 da sunan maita, kusan uku cikin huɗu mata. Wannan aikin alƙalai ne da masu ilimi.

Malaman coci na wancan zamani sun ɗora wa tsohon zaton ƙauye wani sabon gini. Suka ce mayya ba ita kaɗai take aiki ba, ta ƙulla alkawari ne da Shaiɗan, kuma tana tashi cikin dare zuwa taron 'yan'uwanta. Wani malami Bajamushe, Heinrich Kramer, ya rubuta littafin Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu, wanda aka buga wajen 1486, na'urar ɗab'i da ba ta daɗe da fitowa ba ta yaɗa shi. Tunda an ce taro ake yi, duk wadda aka kama dole ta san wasu. Tunda kuma laifi ne da ba shi da shaidar ido, sai aka halatta azabtarwa. A haɗa waɗannan biyu, mutum ɗaya zai haifi goma, goma su haifi ɗari.

A ƙarshen watan Mayun 1626 wani sanyi mai tsanani ya ƙone gonakin inabi da hatsi a kudancin Jamus. Manoma suka nemi a kamo masu hannu, kuma a garuruwan Bamberg da Würzburg, inda bishop shi ne sarki, hukuma ta amsa kira. A Bamberg har kurkuku na musamman aka gina a 1627, kuma kafin wutar ta mutu an hallaka ɗaruruwan mutane, wasu masana tarihi na cewa sun kai 900.

Cikinsu akwai magajin garin kansa, Johannes Junius, mai shekara 55, wanda aka riga aka kashe matarsa da irin wannan tuhuma. A watan Yulin 1628 ya samu ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa a ɓoye daga kurkuku, kuma wasiƙar tana nan har yau. Ya yi kwanaki yana rubuta ta saboda an murƙushe masa yatsu. A ciki ya faɗa mata cewa duk abin da za ta ji ya amsa ƙarya ce. Ya ce mai azabtarwar da kansa ya roƙe shi ya ƙirƙiro wani abu ya faɗa, don ba zai iya jure abin da ke tafe ba. Da ya amsa, sai alƙalai suka riƙa ambata masa unguwannin gari ɗaya bayan ɗaya, kowane layi sai ya ba da sunan wanda ya gani a taron mayu, in ya ce bai san kowa ba a mayar da shi hannun mai azaba. Waɗanda suka ba da shaida a kansa ma sun nemi gafararsa, sun ce su ma haka aka yi musu. Ba a jima ba aka kashe shi.

Kusan rabin waɗanda aka kashe a Turai duka a ƙasashen Jamusawa ne, inda ƙananan masarautu barkatai ke yanke hukunci babu mai duba su daga sama. A Ingila, inda doka ba ta yarda da azabtarwa a irin wannan shari'a ba, adadin bai wuce wajen 500 ba. Mafi munin lokacinsu shi ne 1645 zuwa 1647, da yaƙin basasa ya raunana kotuna, wani Matthew Hopkins ya naɗa kansa sarkin kamun mayu yana bin garuruwa ana biyansa.

Yadda wutar ke mutuwa ma abin dubawa ne. A 1610 kotun coci ta Logroño a Sifaniya ta ƙone mutum shida da ransu, zargi ya bazu a yankin Bask kamar wutar daji. Aka tura ɗaya daga cikin alƙalan, Alonso de Salazar Frías, ya zaga ƙauyuka a 1611. Ya saurari mutum 1,802, daga ciki 1,384 yara ne. Maimakon ya tsaya ga abin da suka faɗa, sai ya gwada. Man da aka ce mayu na shafawa su tashi sama, ya sa aka gwada shi a kan dabbobi, babu abin da ya same su. Waɗanda suka ce sun halarci taro wuri ɗaya, ya sa aka kai su ɗai-ɗai su nuna wurin, bakinsu ya saɓa. Ya koma ya rubuta cewa bai samu hujja ko ɗaya ba, kuma babu mayu babu waɗanda mayu suka kama a yankin sai da aka fara wa'azi da surutu a kansu. Maganin da ya bayar shi ne a yi shiru. A 1614 hukumar ƙoli ta kotun ta fitar da sababbin ƙa'idoji bisa shawararsa.

A Salem ta Amurka, a 1692, 'yan mata ƙanana suka fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunaye. Kotu ta karɓi irin shaidar da mutum zai ce kurwar wance ce ta zo masa tana shaƙe shi, alhali gangar jikinta tana gida. An rataye mutum 19, an danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. Da zargi ya fara taɓa manya, Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba, wadda ta gaje ta ta daina dogara da shaidar kurwa, sai ga shari'o'in suna rushewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Salem ba su daina imani da maita a wannan shekarar ba, ƙa'idar shaida ce ta canza.

Boko bai kore ta ba

Masanan farko sun zaci makaranta da asibiti da birni za su share zancen maita. Ba haka aka yi ba.

Tun a 1934 Audrey Richards ta ga wasu samari masu kayan Turawa suna yawo a ƙasar Bemba ta Zambiya, ana kiransu Bamucapi. Sukan jera mutanen ƙauye a layi, su duba kowa ta cikin madubi, su tara ƙahoni da layu a mararraba, su sayar da wani jan ruwa a kwalba. A 1950 zuwa 1951 'yan Atinga suka shigo ƙasar Yarabawa daga Dahomey suna kama tsofaffin mata, har gwamnatin mulkin mallaka ta haramta su. Mai kamun maye sana'a yake yi, kuma mai sana'a ba ya zuwa gari ya ce bai ga kaya ba.

Peter Geschiere, ɗan ƙasar Holan da ya yi shekaru yana bincike cikin 'yan Maka na gabashin Kamaru, ya nuna cewa zancen maita yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da siyasa da kuɗin zamani. Ma'aikacin da ya samu muƙami a Yawunde yana tsoron komawa ƙauye kada dangi su cinye shi, su kuma dangin suna zargin da naman wani ya yi arziki. A kudu maso yammacin ƙasar, 'yan Bakweri sun daɗe suna gudun gina gidan kwano, don ana cewa mai irin wannan gida ɗan nyongo ne, wanda ke kashe danginsa ya tura su bauta a Dutsen Kupe. Daga shekarun 1980 kotunan gwamnati a gabashin Kamaru suka fara ɗaure mutane kan maita bisa sashe na 251 na dokar laifuka, boka yana tsayawa a matsayin shaida. A ƙasar Maraɗi ma Pamela Schmoll, a wani bincike da aka buga a 1993, ta ji Hausawa suna cewa maitar da a da gadonta ake yi, yanzu da kuɗi ake sayen ƙanƙararta.

Su kansu masanan sun sha gyara. Masu cewa zargin maita ma'auni ne ko hanyar huce haushi sun sa abin ya yi kama da mai amfani. Mary Douglas, wadda ta fara zama cikin 'yan Lele na Kwango a 1949, ta koma a 1987 ta tarar an yi wani gangamin kamun matsafa ƙarƙashin wasu limaman coci, an azabtar da tsofaffi, wasu sun mutu. Sai a 1999 ta buga abin da ta gani. Daga irin wannan ne nazarin ya koma kallon wanda ake dukan, ba tsarin al'umma kawai ba.

Wani masanin tattalin arziki, Edward Miguel, ya shigo da ƙididdiga. Ya duba ƙauyuka 67 a gundumar Meatu ta Tanzaniya, a binciken da ya buga a 2005, ya ga cewa a shekarar fari ko ambaliya kisan waɗanda ake zargi da maita yana ninkawa biyu, alhali sauran kashe-kashe ba sa ƙaruwa. Kusan duk waɗanda ake kashewa tsofaffin mata ne, kuma galibi dangi ne ke da hannu. In rumbu ya yi ƙasa, bakin da ba ya noma shi ake fara gani. Shawarar da ya bayar ita ce a riƙa ba tsofaffi mata fansho, don tsohuwar da kuɗi ke shigowa ta hannunta ba a gaggawar rabuwa da ita.

Inda mai mulki da kansa ya jagoranci abin kuwa, sai a tuna Bamberg. A 2009, bayan rasuwar wata gwaggonsa, Shugaba Yahya Jammeh na Gambiya ya sa aka zaga ƙauyuka da bokaye da sojoji. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kwashi mutane da suka kai 1,000, aka tilasta musu shan wani jiƙo mai gusar da hankali don su amsa. Wasu sun mutu, wasu sun nakasa, kuma a 2019 waɗanda suka tsira suka ba da labari a gaban hukumar binciken gaskiya ta ƙasar. A Indiya alƙaluman gwamnati sun nuna an kashe fiye da mutum 2,500 tsakanin 2000 da 2016, da yawansu zawarawa masu gona. A Akwa Ibom yatsa kan yara ya koma, wasu masu coci suna karɓar kuɗi don cire musu maita, har jihar ta yi dokar hana wannan zargi a 2008. A watan Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko kan lamarin.

Arewacin Gana yana da wani tsari da masana suka kasa yanke masa hukunci ɗaya. A Gambaga, Kukuo, Gnani da Kpatinga akwai unguwannin da matan da aka kora daga garuruwansu ke fakewa. In mace ta iso Gambaga, a gaban sarkin garin, Gambarana, ake yanka kaza a jefar. Ta mutu a rigingine, an wanke matar. Ta mutu a kife, an kama ta, sai a ba ta jiƙo ta sha, ta zauna ƙarƙashin kariyar sarki tana taya shi aikin gona. Ko wadda kaza ta wanke ba kasafai take iya komawa gida ba, don waɗanda suka koro ta suna nan. Wasu na kiran wurin kurkuku, matan da yawa kuwa na cewa nan ne kaɗai suke barci da ido biyu a rufe. A watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan mutuwa a bainar jama'a a Kafaba, bayan wata bokanya ta nuna ta, aka ɗauki abin a waya ya zaga duniya. Majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar haramta zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasar na lokacin, Akufo-Addo, bai sa hannu ba, ya ce hanyar da aka bi aka gabatar da ita ta saɓa wa tsarin mulki.

A ƙofar gida

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda abin ke farawa. Yarinya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, jiki ya yi rau, ta fara sambatu. A cikin sambatun ta ambaci sunan wata tsohuwa ta bayan gida, ko kishiyar uwarta. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa mutum ya faɗi abin da bai sani ba, kuma sunan da zai fito shi ne wanda yarinyar ta saba jin manya suna rage murya in an ambata. Kafin a kai ta asibiti, an cika ƙofar gidan tsohuwar, ana cewa ta fito ta tsallaka yarinya ta sakar mata kurwa. Ta tsallaka, an ce ta amsa. Ta ƙi, an ce taurin kan mayu ne. In yarinya ta warke, tsallakawar ce ta yi aiki, in ta rasu, an ce ta riga ta cinye. Bayan taro ya watse kuma tabon yana nan: a daina sayen ƙosanta, a hana yara shiga gidanta, jikokinta mata su rasa manema. Hausawa na cewa in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Zuriyar wadda aka yi wa ƙazafin ita ma ba ta mantawa, don ita ke biyan bashin har jika da tattaɓa-kunne.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 210 na dokar laifuka ta kudancin Nijeriya da takwaransa a dokar Final Kod ta Arewa duk sun mai da zargin mutum da maita laifi. A fiƙihu ma ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma babu alƙalin da ke yanke hukunci da mafarki ko sambatun mai zazzaɓi. Abin da Salazar ya yi a ƙauyukan Bask, mai unguwa ko limami ko dagaci yana da ikon yin irinsa a ƙofar gidan tsohuwar nan, tunda shi ne mai ikon da taron ke jira ya gyaɗa kai.

A 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, matar wani mutum da ke fama da rashin lafiya ta ce ta yi mafarki wata dattijuwa tana bin ta da wuƙa. Irin shaidar nan ce da kotun Salem ta karɓa shekara 331 kafin nan. Mijin ya tara mutane suka iske dattijuwar, mai shekara 67, tana aiki a gonarta, suka kashe ta. A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta samu mutum biyar da laifin kisan, ta yanke musu hukuncin kisa.